Aikin Tonon Silili Ya Koma Cikin Waya: Ina Rabon Mutanen Zango?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumba na shekarar 2015 dubban mutane sun yi dogon layi a ƙofar babban zauren taro na birnin Akra, ba don kallon mawaƙa ko taron siyasa ba, sai don su gani da idanunsu yadda wasu alƙalan ƙasar nan ke karɓar cin hanci. Fim ne da ɗan jaridar nan mai rufe fuska, Anas Aremeyaw Anas, da yaransa suka ɗauka da kyamarar ɓoye, inda aka nuna alƙalai 34 na manya da ƙananan kotuna, wasu na karɓar kuɗi, wasu akuya, wasu ma har da doya, domin su saki mai laifi. Kafin shekarar ta ƙare an sallami 20 daga cikin alƙalan ƙananan kotunan. A wancan lokaci wanda bai samu tikitin shiga ba sai dai ya jira a kawo fim ɗin garinsu, ko kuma ya ji a bakin wanda ya gani.

Yau kuwa irin wannan aiki ba ya neman zaure. Cikin aljihu yake shigowa. Da safe a sake shi a intanet, kafin azahar ya zagaye Nima da Mamobi da Sabon Zango, kafin la'asar 'yan'uwanmu na Aboabo da Asawase a Kumasi sun turo mana shi suna tambaya ko mun gani. A majalisunmu na shan ataya, waɗanda muke kira bes, waya ɗaya sai ta tara kawuna goma. Iyayenmu da kakanninmu sun tashi ne da rediyo a kunne, tun da aka buɗe sashen Hausa na BBC a watan Maris na 1957, mako guda bayan Gana ta samu 'yancin kai, kuma har gobe akwai dattijon da ba ya yarda da labari sai ya ji shi daga Landan. Mu kuwa waya ce rediyonmu, ita ce jaridarmu, ita ce talabijin ɗinmu. Abin da muke so mu duba a wannan mako shi ne, su waye ke yin wannan aiki, wa ke biyan kuɗinsa, kuma nawa daga cikinsa ke isowa Zango lafiya lau ba tare da an yanke masa kai da ƙafa ba.

Da farko dai, binciken ƙwaƙwaf ba ɗaya yake da labarin yau da kullum ba. Labarin yau da kullum shi ne minista ya yi jawabi, wakili ya rubuta, gobe a buga. Binciken ƙwaƙwaf kuwa shi ne neman abin da wani babba ya kashe kuɗi da ƙarfi don ya ɓoye. Yakan ci wata shida, yakan ci shekara. Sai an biya albashin mutanen da a tsawon wannan lokaci ba su kawo labari ko ɗaya ba, a biya kuɗin mota da masauki, a sayi kyamara, sannan a ajiye lauya, domin da wuya a taɓa babban mutum bai garzaya kotu ba. To jaridar da ke rayuwa da talla, har da irin wannan da mai karatu ke riƙe da ita, dole ta yi tunani sau biyu kafin ta taɓa kamfanin da ke sayen rabin shafukanta. Gidajen rediyo da yawa kuma na 'yan siyasa ne ko na abokansu. Bugu da ƙari, ga ɗan abin nan da 'yan jaridar Gana ke kira soli, wato ambulan ɗin kuɗin mota da ake miƙa wa wakili bayan taro. Hausawa na cewa bakin da ya ci shi ke godiya.

Wannan ne ya sa aka ɓullo da wata hanya, wato a kafa gidan jarida wanda ba kasuwanci ya fito yi ba. Ba ya sayar da labari, ba ya dogara da talla, ba shi da mai hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara. Gidauniyoyi da masu ba da gudummawa ne ke ɗaukar nauyinsa, shi kuma ya saki aikinsa kyauta. A Amurka akwai ProPublica da aka kafa a 2007, wadda a 2010 ta ci lambar yabo ta Pulitzer, mafi girma a aikin jarida a can. Irin wannan ƙungiya ce kuma ta haɗa ɗaruruwan 'yan jarida na duniya a 2016 suka bankaɗo takardun Panama, takardu miliyan 11 da rabi da suka nuna inda manya ke ɓoye dukiya.

A nan gida, misalin da ya fi kusa da mu shi ne The Fourth Estate, wanda gidauniyar kafofin watsa labarai ta Afirka ta Yamma, MFWA, ta buɗe a 2021. Ita gidauniyar Farfesa Kwame Karikari ne ya kafa ta a 1997, daga baya Sulemana Braimah ya karɓi ragamarta. Editan farko na The Fourth Estate shi ne Manasseh Azure Awuni, wanda fim ɗinsa na 2019 kan sayar da kwangilolin gwamnati ya yi sanadin tsige shugaban hukumar kula da sayayyar gwamnati. A nan ya kamata mu gyara wani kuskure da muke yawan ji a bes. Mutane kan haɗa kowane tonon silili su ce aikin Anas ne. Ba haka ba ne. Tiger Eye na Anas kamfani ne mai zaman kansa, kuma ƙarfinsa kyamarar ɓoye ce. Su kuwa waɗannan, duk da cewa sukan yi shigar burtu idan ta kama, yawancin aikinsu bin takardu ne, da lissafi, da naci.

Aikinsu da ya fi taɓa mu shi ne na watan Janairun 2023, kan yadda ake sayar da gurbin shiga makarantun sakandare. Kowane gida a Zango ya san wannan tashin hankali. Yaro ya rubuta jarrabawar BECE, ya zaɓi makarantu, sai a ce kwamfuta ce za ta raba su, tsarin da aka fara tun 2005 domin a kawar da son kai da alfarma. Tun da aka mayar da sakandare kyauta a 2017 kuwa, rububin manyan makarantu ya ƙaru. Shekara da shekaru iyaye na gunaguni cewa yaro mai sakamako mai kyau sai a jefa shi makarantar da bai zaɓa ba, wanda bai kai shi ba kuma a gan shi a babbar makaranta. Gunaguni ne kawai, babu hujja, kuma uwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin titi ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Wakilan The Fourth Estate suka shiga a matsayin iyaye, suka biya dubban sidi ga 'yan tsakiya, suka kuma ga an sauya wa yara makaranta a cikin ita kwamfutar da aka ce ba ta san kowa ba. Sakamakon binciken, 'yan sanda sun kama wasu mutane aka gurfanar da su gaban kotu.

Mu da muka gama sakandare ba da daɗewa ba, mun san abin da gurbi ɗaya ke nufi. Gurbin da aka sayar wa mai kuɗi ba daga sama ya faɗo ba, na wani yaro ne aka ɗauke, kuma yaron da ba shi da kawu a ma'aikata shi ne farkon wanda za a ture. Ba mu ce yaran Zango kaɗai abin ya shafa ba, amma duk inda aka ce kuɗi da sanayya ne ke magana, mun san layin da muke tsayawa.

Haka kuma batun masu yi wa ƙasa hidima. A farkon Disambar 2024, kwanaki kaɗan kafin zaɓe, hukumar da ke kula da shirin ta samo umarnin kotu na kwana goma da ya hana The Fourth Estate sakin bincikenta kan sunayen bogi da ake biya alawus. Amma rana ba ta ƙarya. A watan Fabrairun 2025, bayan an ƙirga masu hidimar ɗaya bayan ɗaya, fadar Shugaba John Mahama ta sanar cewa akwai sunaye 81,885 da ake zargin na bogi ne, aka kuma ba da umarnin bincike. Mai karatu ya tuna cewa a lokacin alawus ɗin kowane mai hidima sidi 715 ne a wata, sai ya yi lissafin da kansa. Kafin wannan, rahotonsu na Disambar 2023 kan kwangilar kamfanin SML da hukumar tara haraji ya sa Shugaba Akufo-Addo ya ɗauko kamfanin KPMG a Janairun 2024 ya binciki yarjejeniyar.

To, ta yaya duk wannan ke isowa gare mu? A nan gizo ke saƙar. Gidan jaridar da ba ya sayar da takarda a bakin titi, dole ya bi mutane inda suke. Sai a ɗora cikakken fim a YouTube, a ba wasu gidajen talabijin da rediyo su nuna, a yanka guntaye a sa a Facebook da TikTok domin jawo hankali, a kuma rubuta dogon rahoto a shafin intanet tare da hotunan takardun. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma a gaskiya mutum nawa ne a cikinmu ke da datar kallon fim na minti arba'in? Mutum nawa ke buɗe dogon rahoton? Abin da ke shigowa WhatsApp ɗinmu guntu ne na minti ɗaya ko biyu, wurin da hannu ke karɓar kuɗi, shi ke nan. Wanda ya turo ya cire sunan gidan jaridar, ya cire kwanan wata, wani lokaci ya ɗora tasa muryar a kai.

Sannan ga maganar harshe. Kusan duk waɗannan ayyuka da Turanci ake yin su, gidajen rediyo kuma su tattauna su da Tuwi. Hajiyarmu da ta yi shekara hamsin tana kasuwanci a Nima tana jin Hausa, tana jin Tuwi da Ga na ciniki, amma Turancin kwangila da lissafin haraji ba nata ba ne. Saboda haka labarin da za ta ji shi ne wanda wani ya naɗa a saƙon murya, kuma galibi mai naɗin ɗan jam'iyya ne. Idan tonon ya taɓa abokan hamayya, sai ya ƙara gishiri. Idan ya taɓa nasu, sai ya ce ai Turawa ne suka biya a ɓata musu suna. Abin da ke fara faɗuwa a hanya shi ne ɓangaren da ɗan jarida ya je ya tambayi wanda ake zargi ya kare kansa, alhali wannan ɓangare shi ne ya bambanta bincike da tsegumi. Mun sha ganin tsohon bidiyo na shekara biyar ya dawo gab da zaɓe a matsayin sabo, dattawa kuma su yi ta salati.

Kada kuma mu manta wayar nan kaifi biyu gare ta. A watan Yunin 2018 Tiger Eye ya saki fim ɗin Number 12 kan cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa, inda aka ga alƙalan wasa da dama na karɓar kuɗi, aka kuma ga shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa na lokacin, Kwesi Nyantakyi, yana karɓar dala 65,000. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Ahmed Hussein-Suale. Ɗan majalisa Kennedy Agyapong ya nuna hotunansa a gidan talabijin ɗinsa, ya ce duk wanda ya gan shi a harabar gidan ya doke shi, hotunan kuma suka bazu a wayoyi kamar wutar daji. A daren 16 ga Janairun 2019, wasu mutane a kan babur suka harbe Ahmed cikin motarsa a Madina, yana da shekara 31. Agyapong ya musanta cewa yana da hannu a kisan, kuma shekaru sun shuɗe ba a hukunta kowa ba. Madina ba wata duniya ba ce, unguwarmu ce. Duk wanda ya danna ya tura wannan hoto a lokacin, ko da wasa ya yi, ya taimaka wajen nuna fuskar mutumin da rayuwarsa ta dogara ga rashin sanin fuskarsa. Allah Ya jiƙansa.

Ba muna cewa masu tonon silili mala'iku ba ne. Akwai masu hankali da ke ganin cewa idan ɗan jarida ya ɗauki kuɗi ya kai wa mutum da kansa, tarko ya ɗana, ba laifin da ya tarar ya ɗauka ba. Magana ce da ya kamata a saurara. Kuma bidiyo ba hukunci ba ne. FIFA ta haramta wa Nyantakyi harkar ƙwallo har abada a 2018, kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa shekara 15 a 2020, amma a 2025 kotun Akra ta sallame shi saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Shi kansa Anas ya kai ƙarar Agyapong kan ɓata suna, ya sha kaye a Akra a 2023, inda alƙalin ya yi wa salon aikinsa kaca-kaca. A 2025 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar New Jersey ta Amurka suka ba shi gaskiya da diyyar dala miliyan 18, bayan 'yan makonni alƙali ya mayar da ita dala 500. Wanda guntun farko kawai ya isa wayarsa, har yau yana nan yana ba da labarin miliyan 18.

Cewa bidiyo na da ƙarfi idan ya zo wa mutane a kan abin da ya dame su, wannan ba sai an faɗa mana ba. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen bincike na BBC ya saki fim kan maganin tari mai kodin da ke lalata matasa a Najeriya, har da Kano, washegari gwamnatin can ta hana yin sa da shigo da shi. A Oktoban wannan shekarar Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da aka ce Gwamna Abdullahi Ganduje ne ke cusa daloli a aljihu. Gwamnan ya musanta, shi kuma ɗan jaridar ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021 saboda tsoron lafiyarsa, amma babu Zangon da bidiyon bai shiga ba, domin ba ya bukatar tafinta. A Fabrairun 2025 kuma BBC ta bi sawun ƙwayoyin da ke kashe mana matasa tun daga titunan Tamale har zuwa wani kamfanin magani a Mumbai, cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin maganin. Mu da muke ganin ƙannenmu na barci a tsaye a bakin kwata, wannan ba labarin nesa ba ne.

Saura tambayar da dattawa ke yi mana, kuma tambaya ce mai kyau: wanda ba ya neman riba, wa ke ciyar da shi? Amsar ita ce, mafi yawan kuɗin daga gidauniyoyi da hukumomin ƙasashen waje yake zuwa. Wannan na da amfani, domin minista a Akra ba zai iya yanke shi ba. Yana kuma da haɗari, domin wanda ya hau dokin aro dole ya sauka ranar da mai doki ya zo. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, gidajen bincike da dama a duniya suka rage ma'aikata, a watan Maris kuma Muryar Amurka ta yi tsit, har da sashen Hausa da iyayenmu suka saba ji da asuba. A ganinmu, gidan jaridar da ke neman kowa ya buɗe littafinsa wajibi ne shi ma ya bayyana masu ba shi kuɗi, mu kuma haƙƙinmu ne mu duba. Amma kuɗin waje ba ya mayar da takardar gaskiya ta zama ƙarya. Sunaye 81,885 ba Bature ne ya ƙirga su ba.

Abin da ke hannunmu ba ƙarami ba ne. Kusan kowace ƙungiyar matasa a Zango tana da wanda ya iya Turanci da Hausa, tana da mai waya mai kyau, tana da zauren WhatsApp da ya haɗa ɗaruruwan mutane. Idan bincike ya fito, a samu mutum biyu su kalle shi daga farko har ƙarshe, su karanta rahoton, sannan su naɗi bayani da Hausa na minti biyar: wa ya yi binciken, yaushe, me aka gano, me wanda ake zargi ya ce, da kuma abin da ba a tabbatar ba tukuna. A fara da neman izinin gidan jaridar, a kuma haɗa da adireshin cikakken aikin. Mai naɗin kada ya zama mai riƙe da muƙami a jam'iyya. Hoton ɗan jarida ko na wanda ya tsegunta labari kuwa, ko wa ya turo shi, a goge. Su ma gidajen binciken muna kira gare su da su tuna cewa Hausa ce harshen kasuwa da zama a Zangunan ƙasar nan tun daga Akra har Bawku, fassarar guntayen bidiyonsu ba za ta ci kuɗin kyamara ɗaya ba.

Sannan akwai makamin da 'yan jaridar nan ke amfani da shi wanda mu ma namu ne, wato dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989. Ba ta 'yan jarida kaɗai ba ce, ta kowa ce. Za ka rubuta wa jami'in bayanai na ma'aikata ko majalisar gunduma abin da kake nema, doka ta ba shi kwana 14 ya amsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki, jami'in ya rubuta masa. Idan aka hana ka, ka nemi shugaban ma'aikatar ya sake dubawa, idan ya ƙi ka wuce hukumar da aka kafa domin sa ido kan dokar. A 2021 hukumar ma'adinai ta nemi The Fourth Estate ta biya dala 1,000 kafin a ba ta wasu bayanai, hukumar sa idon ta yanke cewa abin da za a biya bai wuce sidi 2 ba.

A 2017 majalisar dokoki ta kafa Asusun Raya Zango da sunanmu. Ba muna zargin kowa da komai ba ne. Amma ƙungiyar matasan kowace unguwa na iya rubuta takarda mai layi biyar ta tambayi ayyuka nawa asusun ya yi a unguwarta, nawa aka kashe wa kowanne, kuma wane ɗan kwangila aka ba. Idan amsa ta zo, a ɗauki waya a je wurin aikin a gani ko yana nan, a naɗa da Hausa, a sa kwanan wata. Idan kuma kwana 14 suka cika ba amsa, shi ma a rubuta ranar, a kai takarda ta biyu.